Golf 5 GTI ta hannu: in saya ko in haƙura?

Zauren Masu Mota na Damagaram

Mutari Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya yi magana. Akwai Golf 5 GTI ƙirar 2006, baƙa, ƙofa biyar, a hannun wani dillali nan cikin gari. Giyarta DSG ce, mai canja kanta. Agogon yana nuna kilomita 168,000, an biya duwan, takardu sun cika. Kuɗin da ake nema a kanta kusan ɗaya ne da na Corolla sa'arta. A gida kowa cewa yake in ɗauki Corolla in huta, ni kuma tun ina lise nake son motar nan. Ba tsere zan yi ba. Mota guda nake so wadda za ta kai yara lakwal da safe, ta ɗauki buhun hatsi a baya, ran da na hau hanyar Maradi kuma in ji daɗin tuƙi. Me kuka gani?

Sanusi direba:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambayi kanka abu ɗaya. Motar da aka sayar sabuwa a Turai da tsada fiye da Corolla, nesa ba kusa ba, me ya sa yau kuɗinsu ya zo ɗaya? Kasuwa ba ta kyauta. Kuɗin da aka rage maka wajen saye, a garaji za ka biya shi. Corolla ko a Tanut ta tsaya maka, za ka samu yaron da zai tashe ta. Wannan kuwa in ta ƙi tashi a Takeita, sai dai ka nemi motar da za ta ja ta.

Usaini:
Yaya Sanusi, gaskiya ka faɗa ta fuskar gyara, amma ba ka amsa tambayarsa ba. Mutumin nan bai ce wace mota ce ba ta mutuwa ba, cewa ya yi yana son mota guda mai aiki biyu. Don haka ma aka ƙirƙiro irin waɗannan motoci. Jikinta na Golf ne sak, kujera biyar, bayanta na ɗaukar lita 350, in ka kwantar da kujerun baya har ƙaramin firji take ci. Amma injinta lita 2.0 ne da turbo, ƙarfin doki 200, daga tsaye zuwa gudun 100 daƙiƙa bakwai ne ko kusa da haka. Abin da ya fi burge ni ba ƙarshen gudunta ba ne, wa zai kai 235 a hanyoyinmu? Ƙarfin janta ne, wanda yake zuwa tun inji yana juyi 1,800 a minti. Kana bayan tirela a gudun 70, ka leƙa ka ga hanya fayau, ka taka, kafin ka ankara ka wuce ka koma hannunka. Wanda ya taɓa daɗewa a gefen tirela da mota mai kasala yana hango fitilar wata a gaba, ya san darajar wannan.

Alhaji Barah:
Yara, ku bar ni in sa baki, don na riƙe kakarta a wannan fanni. Peugeot 205 GTI na tuƙa, mai inji 1.9, ƙarfin doki 130, motar da nauyinta bai kai tan guda ba. Babu kwamfuta mai gyara maka kuskure, abin da hannunka ya yi shi motar take yi. Volkswagen ce ta buɗe wannan hanya da Golf GTI ta farko a 1976, doki 110 kacal, Peugeot ta biyo da 205 GTI a 1984. Mu a lokacin abin da ya hura mana wuta shi ne tseren Paris-Dakar da yake ratsa Agadas da Tenere. A 1987 Ari Vatanen ya ci shi da 205 Turbo 16, a 1988 Juha Kankkunen shi ma ya ci da ita. Mun san ta tsere daban ce, injinta a tsakiya yake, tayoyi huɗu ke ja, amma siffar ɗaya ce, kuma wannan ya ishi saurayi.

Mutari ɗana, son da kake yi wa motar nan ba wauta ba ne, kada kowa ya sa ka ji kunyarsa. A garin nan mun gaji kiwon doki. Wanda yake ɗaure doki a gida ya san jaki ya fi shi sauƙin ci da juriyar kaya, amma ran hawan salla ba jaki ake ɗaura wa sirdi ba. Sai dai mai doki ya san harawa da dusa a kansa suke kullum, har ran da ba hawa. In ka yarda da wannan, sauran magana ta masu gyara ce.

Mutari Sabon Gari:
Na gode Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Malam Habu, kana kusa? Maganarka nake jira.

Malam Habu makanike:
Ina nan, mota ce a kan rami ta riƙe ni. Zan yi dogon bayani, ku yi haƙuri.

Injin Golf 5 GTI inji ne mai ƙwari, in an kula da shi yana daɗewa. Ciwonsa sananne ne, wurare kaɗan ne, amma duk wanda ka yi wa sakaci a cikinsu sai ya ja ɗan'uwansa.

Abu na farko da nake buɗewa kafin komai: famfon esansi mai matsi da ke gefen kan inji. Injin nan kai tsaye yake fesa mai cikin silinda, don haka yana buƙatar matsi mai yawa, kuma sandar kam, mai buɗe bawul, ita ce take tura famfon. Tsakaninsu akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe, ƙarami ne, kuɗinsa ba yawa. Yana cinyewa a hankali. In ya huje, famfo ya riƙa gogar kam kai tsaye, sai ka sayi kam, ka sayi famfo, garin ƙarfen kuma ya bi mai ya zagaye inji. Kusoshi uku ne ke riƙe da famfon, aikin bai kai awa guda ba. Dillalin da ya hana ka buɗe wannan wuri, bar masa motarsa.

Sai kuruwar da ke haɗa sama da ƙasan inji. Ta roba ce, tana da wa'adi, in ta tsinke bawul sun gamu da fistan. Kada ka yarda da “an canja” na baki. Ka sa a lissafinka cewa ranar da ka saya za a canja ta tare da famfon ruwa. A bayan injin kuma akwai ƴar sarƙa da ke haɗa kam biyu, in ka ji kaca-kaca da sanyin safiya, ita ce.

Sai man inji. A Turai ana barin waɗannan motoci su yi har kilomita 30,000 kafin bidanji, to irin wannan jinkiri yana tara dauɗa a rariyar da ke tsotso mai daga kwanon ƙasa. Rariya ta toshe, turbo ne farkon wanda zai ji ƙishi. A nan, da zafinmu da ƙurar hunturu, man 5W-40 na gaske mai lambar VW 502 00 za ka zuba, kuma ni ba na barin mai irin wannan mota ya wuce kilomita 5,000 zuwa 7,000. Man jarka na bakin hanya da ake zuba wa kabu-kabu, kashe ta zai yi.

Bobin da buji suna mutuwa, amma wannan ƙaramin abu ne, ka ajiye guda a mota. Bawul ɗin shigar iska suna tara baƙin gawayi saboda esansi ba ya bi ta kansu ya wanke su, sai an buɗe an kankare.

Inda gabana yake faɗuwa shi ne DSG. Kuloci biyu ne a cikin mai, da wata kwamfuta da ke zaune cikin giyar tana sarrafa su. In tana lafiya babu giyar da ta kai ta daɗi. Amma tana son a canja mata mai da filta duk kilomita 60,000, mai nata na musamman, kuma yawancin waɗanda suka iso mana ba a san ranar da aka yi musu na ƙarshe ba. In kwamfutar nan ta lalace, ba aikin guduma da sufana ba ne, sai an nemo wata daga Kano ko Legas, a haɗa ta da na'ura. Da mai giyar hannu ce, giya shida, da na ce maka bismilla da zuciya ɗaya.

Usaini:
Malam, Allah ya saka da alheri. Amma DSG ɗin Golf 5 mai jiƙaƙƙen kuloci ce, ba irin busasshiyar nan mai giya bakwai da ta ɓata wa DSG suna ba. Ta fi ta juriya sosai.

Malam Habu makanike:
Haka ne Usaini, ta fi ta. Amma ka tuna inda za ta yi aiki. Cunkoson Kasuwar Dole da rana tsaka a watan Afrilu, zafi ya haura 40, kana tafiya taku-taku tsakanin adaidaita da amalanke, kuloci yana ta zamewa. Ga rairayin unguwanni, in ta kafe mutum ya yi ta taka mai yana gaba yana baya. Waɗannan biyun su ne abokan gabarta. Ban ce ba za ta yi ba, na ce sai da tarihi a hannu.

Kyari na Gure:
Ni ƙasa nake kallo, ba inji ba. GTI an sauke ta milimita 15 ƙasa da Golf ta kowa, wadda ita ma ba tsayi gare ta ba. Tayarta 225/45 ce a kan jant 17, wasu ma 18, roba siririya. Rami guda mai kaifi ya isa ya kumbura taya ya lanƙwasa jant. Lungunan Birni da duwatsunsu fa? Damina in ruwa ya yanke hanya a Garin Malam ko Kara-Kara fa? Mutari, daga bakin kwalta zuwa ƙofar gidanka, yaya hanyar take? Amsar tambayarka rabinta a nan take.

Mutari Sabon Gari:
Yaya Kyari, gidana bai yi nisa da kwalta ba, hanyar da ta rage kuma mai tauri ce, ba rairayi. Ƙauye in za ni, da motar kasuwa nake zuwa dama.

Malam Habu makanike:
To wannan da sauƙi. Jant 16 da taya 205/55 suna shiga, birkinta na gaba yana barin wuri, 15 ce ba ta shiga. Za ka samu roba mai kauri, kuma tayar ta fi samuwa a kasuwa. A sa mata faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji. Abin da ba na so shi ne a ɗaga ta da tsinken ƙarfe a kan amortisar yadda ake yi wa motocin haya, wannan yana ɓata zaman da aka saye ta dominsa.

Lawali dillali:
Salamu alaikum. Sana'ata ce ake magana a kai, bari in faɗi abin da na sani ko da zai sosa wa abokan aikina.

Lambar agogo kada ta ruɗe ka. Motar 2006 mai kilomita 168,000 tana yiwuwa, amma mayar da agogo baya aikin mintoci ne. Dubi sitiyari, dubi robar feda, dubi gefen kujerar direba inda ake goga wajen shiga. Su ba sa ƙarya. Na biyu, ba duk mai jan zare a hanci ce GTI ba. Ana sayen ragar gaba mai gidan zuma da tambari a manna wa Golf 1.6. Ɗaga kafet ɗin baya wajen tayar safaya, akwai takardar kamfani a manne, a nan lambar inji take. Ka ga AXX ko BWA, to ita ce. Na uku, sa a ɗaga ta ka leƙa ƙasa. Motar da ta yi hunturu da yawa a Jamus ko Beljiyam gishirin da suke zubawa a hanya yana cin ta, kuma a duba ko katalizar, mai tace hayaƙi a bututun salansa, tana nan, don sau da yawa ana cire ta a hanya a sayar.

Abin da mutane ba sa lissafawa kuma: wa ya riƙe ta a can? Irin wannan mota mai ita na farko yakan zama mai hali, yana kai ta kamfani. Na uku da na huɗu yawanci samari ne da suka saye ta da araha, suka sa aka taɓa kwamfutar inji don ƙarin ƙarfi, suka more ta, da gyara ya taso suka tura ta tashar jirgin ruwa. Shi ya sa littafin gyara ya fi fenti daraja.

Game da farashi, tun da iyakar Gaya, tsakaninmu da Benin, ta rufe a 2023 kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina, komai ya ƙara kuɗi ya ƙara lokaci. Wannan ya shafi kayan gyara ma. Mu a Damagaram sa'armu Kano tana kusa, ta Matamaye ka fita, Ƙofar Ruwa akwai kayan Volkswagen da yawa saboda yawan Golf a can. Amma yawancinsu na Golf 3 da 4 ne, na wannan injin sai an tona, kuma jabu ya fi na gaske yawa.

Nana Hadiza:
Ku gafarce ni, na ga duk maza ne ke magana, amma ina karantawa tun ɗazu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da mota mai gudu take bari a baya, mu ake kawo wa. Yaya Mutari ya ce ba tsere zai yi ba, na yarda da shi. Amma mota ba a hannun mutum ɗaya take kwana ba. Akwai ƙane, akwai aboki, akwai ranar ɗaurin aure da ake jerin gwano zuwa Mirya, kilomita 18 kacal, kowa yana son a gan shi a gaba. A gudun 120 mota tana cin mita 33 duk daƙiƙa guda, a 160 tana cin 44. In gudu ya ninka, nisan da birki yake buƙata sau huɗu yake ƙaruwa. Hanyoyinmu ba shinge, akuya, raƙumi, yaro mai tallan goro, amalanke ba fitila bayan magariba. Wanda ake kawo mana sau da yawa ba na cikin motar ba ne.

Usaini:
Anti Hadiza, ba wanda zai yi musu da abin da idonki ya gani. Abin da zan ƙara kawai, Golf 5 ta samu tauraro biyar a gwajin haɗari na Turai, tana da jakunkunan iska shida, tana da na'urar hana zamewa, birkinta ya fi na yawancin motocin da ke yawo a garin nan. A gudu ɗaya, ita za ta riga tsohuwar Starlet tsayawa.

Nana Hadiza:
A gudu ɗaya, ƙanena. Matsalar ita ce ba a gudu ɗaya ake tuƙa su ba. Motar da ba ta girgiza a 140 ba ta gaya wa direba cewa ya kai 140. Jakar iska kuma na ciki take karewa. Ban ce kada ya saya ba. Ina roƙonsa ne, in ya saya, makulli ya zauna a aljihunsa, yara su zauna a baya da bel, kuma kada ya yi tafiyar dare da ita.

Alhaji Barah:
Ƴata ta faɗi gaskiya, a riƙe maganarta. Daɗin irin wannan mota ma ba a miƙaƙƙiyar hanya yake ba. A kwana yake, yadda take bin hannunka ba gardama, da yadda take tashi daga 60 zuwa 100. Duk wannan ana jin sa ba tare da an karya doka ba.

Sanusi direba:
To tunda zuciyarsa ta kafe a kan mai zafi, ga tsakiya. Akwai Corolla TS, ita ma ƙarama ce mai ƙofar baya, inji 1.8 da Toyota ta yi tare da Yamaha, doki 192, giyar hannu shida, ba turbo, sarƙa ce ba kuruwa ba. Ƙafafunta da jikinta kusan duk na Corolla ne da muka sani. Me zai hana?

Malam Habu makanike:
Mota ce mai kyau Sanusi, amma halinta daban. Ƙarfinta a sama yake, sai inji ya haura juyi 6,000 kam na biyu yake shiga. Ƙasa da haka Corolla ce kamar kowace. Wato kafin ka ji abin da ka biya, sai ka yi ta kururuwa da ita, abin da Hajiya Hadiza take tsoro ke nan. Ga ta da wuyar samu, injinta kuma ba irin na sauran Corolla ba ne, kayansa ba a kowane shago suke ba.

Kuma dukansu biyun suna da buƙata guda da ban ambata ba, esansi. A murfin tankin GTI an rubuta lambar ingancin esansi 98, in babu a sa 95. Mu a nan ba mu da zaɓin lamba, abin da famfo ya ba ka shi ke nan. Injin yana da kunnen da ke jin ƙwanƙwasa, in mai bai kai ba sai kwamfuta ta ja wuta baya, ƙarfi ya ragu, inji ya tsira. Don haka za ta yi tafiya, amma kada a matsa mata da tsakar rana tana cike da mutane. Sa'ar da muke da ita, matatar SORAZ tana nan hanyar Tanut tun 2011, man gidan mai sabo ne. A tsaya a kansa. Na kwalba a bakin hanya, da ƙura da ruwa da abin da aka gauraya, injekta na wannan mota ba sa yafe shi. Tankinta lita 55 ne, kamfani ya ce tana shan wajen lita 8 a kilomita 100, a cikin gari da kilim ka sa ran fiye da haka sosai.

Mutari Sabon Gari:
Na koma wajen motar da la'asar. Takardar baya tana nan, BWA aka rubuta. Kujerun masu zanen dara ne na asali, gefen na direba ya ɗan sude. Littafin gyara yana ciki da tambarin garejin Jamus har zuwa kilomita 121,000, an nuna canjin man DSG a 60,000 da 120,000, daga nan shiru. Ba maganar kuruwa ko kaɗan. Mun ɗan zaga, giya tana shiga lafiya, sai dai in za ta tashi daga tsaye tana ɗan yin tsalle kaɗan. Dillalin ya ce duk haka suke.

Lawali dillali:
Littafin nan alama ce mai kyau, ba kowace ke zuwa da shi ba. Amma shirun da ya biyo bayan 121,000 shi ne zamanin da na gaya maka. Kuɗin kuruwa da famfon ruwa da man giya, a cire su daga farashi, haƙƙinka ne ka nema.

Sanusi direba:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Mai iyali da mota guda, wadda za ta tashi kullum ita ce mota. In ka saya Allah ya sa albarka, zan kuma zo in gani, amma ka ware kuɗin gyara gefe tun yau, kada ka haɗa su da na cefane.

Malam Habu makanike:
Ba duk haka suke ba, Mutari. Mai lafiya tana tashi sumul. Tsallen nan zai iya zama tsohon mai ne kawai da giyar da ke son a sake daidaita ta da na'ura, zai iya zama ƙafar inji ce ta saki, zai iya kuma zama kuloci ko kwamfutar giyar sun fara gajiya. Biyun farko ƙaramin kuɗi ne, na ƙarshen shi ne wanda zai sa in ce ka bar ta. Ba a gane su da ido. Kada ka ba da ko dala ta kafin alƙalami. Gobe bayan asuba zan zo da kwamfutar gwaji da makullan famfo, ka gaya wa dillalin kada kowa ya tayar da ita kafin in iso, a sanyi nake son jin ta. Daga nan mu hau hanyar Mirya har giyar ta yi zafi, mu dawo mu sake karanta ta.